Farin ƙanzon da ya ci mini buta biyu da hita a Sakkwato

A watan Satumba na 2022 aka yi wa maigidana canjin wurin aiki daga Zariya zuwa Sakkwato, ni ma na nemi makarantar da zan ci gaba da koyarwa, muka tattaro yara muka taho. Gidan da muka kama yana wajen Arkilla, sassa huɗu ne a harabar, da manyan tankuna biyu a kan ƙarfe. Abin da ya sa ban yi gardama kan kuɗin haya ba shi ne maganar da dillali ya yi cewa ruwa ba ya yankewa a gidan. Na buɗe famfon kicin, ruwa ya zubo garau, na ɗanɗana ban ji gishiri ba, na ce alhamdulillahi. Ban tambayi daga ina ruwan yake zuwa tankin ba, kuma wannan tambayar da ban yi ba ita ce ta sa ni yawo na wata bakwai.

Tun satin farko na ga alamu, sai dai ban san karatunsu ba. Sabulun wanka ya ƙi kumfa, sai wani abu fari-fari kamar kitse ya riƙa tasowa a saman bokiti. Kofunan tangaran in sun bushe sai ka ga ɗige-ɗige kamar an yayyafa musu alli. Shayi kuwa wata yana ce ke kwanciya a kansa. Ranar da na ɗora wake tun ƙarfe goma har azahar bai nuna ba, na leƙa sashen da ke kallon namu na yi wa tsohuwar gidan ƙorafin masu sayar da tsohon wake. Inna ta yi dariya ta ce, "Ɗiyata, ba laifin wake ba ne, ruwan ga nauyi garai. Jefa 'yar kanwa." Na jefa, wake ya nuna, na ɗauki maganar a matsayin dabarar girki kawai na wuce.

Butar lantarkin da na zo da ita daga Zariya ta shekara uku tana aiki lafiya. A Sakkwato wata biyu ta yi. Ta fara da ƙara kamar ana soya tsakuwa, ta koma daɗewa kafin ta tafasa, wata safiya ta yi shiru. Na leƙa cikinta na ga gindin ya yi farin ƙanzo mai kauri, na kankara da cokali ya ƙi fita. Na sayi sabuwa Naira 9,000. Da hunturu ya shigo a Disamba muka fara kunna hitar banɗaki safe da yamma saboda yara, kafin ƙarshen Janairu ita ma ta daina zafafa ruwa, sabuwar butar kuma ta bi sahun yayarta. Mai gyaran wuta da muka kira bai buɗe komai ba, ya sa abin awonsa a soket ya ce wuta ce ke hawa da sauka, mu sayi sitabilaiza. Muka saya, Naira 28,000. Tana nan har yau, ba ta yi laifin komai ba, ba ta kuma yi maganin komai ba.

Mai gyaran famfo ne ya fara nuna mini gaskiyar abin. Ya sauke hitar, ya kwance ƙarfen da ke zafafa ruwan, ya miƙo mini. Wallahi da a hanya na tsince shi cewa zan yi rogo ne aka tono. Farin ɓawo ya lulluɓe shi gaba ɗaya, a wuri ɗaya kuma ƙarfen ya kumbura ya tsage. Ya juye tukunyar hitar, wani gari kamar tsakin masara ya zubo, ya kusa cika kwanon sha. Ya ce, "Hajiya, wannan abin shi ka hana zafi fita. Ƙarfen na ta ƙuna a ciki, ruwa bai san ana yi ba, har shi ƙone." Ya sa sabon ƙarfe a kan Naira 7,500 da kuɗin aikinsa 3,000, ya kuma gaya mini ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa baɗi war haka zan sake kiransa.

Da yake butar ta biyu ba ta cika wata uku ba, kuma ina da rasit da katin garanti na shekara ɗaya, sai na mayar da ita shagon. Yaron shagon ya karɓa, ya rubuta mini 'yar takarda, ya ce in dawo bayan kwana uku. Na koma sau biyu, mai gyaransu bai zo ba. A kwana na tara aka miƙo mini butata a leda, aka juya mini bayan katin, aka nuna mini wani layi da ƙananan haruffa wanda ban taɓa karantawa ba: garanti bai shafi lalacewar da ƙanzon ruwa ya jawo ba. Na yi faɗa kaɗan don in huce, amma a raina na san rubutun yana nan tun ranar da na saya. Kuɗin Keke Napep na zuwa huɗu ya tafi a banza.

Daga nan na ce to, tunda ruwa ne, bari in je wurin masu ruwa. Na je ofishinsu ranar wata Talata bayan an tashi makaranta, na tarar wanda ke karɓar ƙorafi ya fita. Na koma Alhamis da safe, aka tambaye ni takardar biyan kuɗin ruwa, na ce ni 'yar haya ce, aka ce lambar gidan tana kan takardar, in je in karɓo wurin mai gida. Sai da na jira Baba Alhaji ya dawo daga ƙauye ya lalubo mini wata tsohuwa. A zuwa na uku na samu wani dattijon ma'aikaci mai haƙuri, na zazzage masa ƙanzon da na ƙullo a leda a kan teburinsa. Ya murza shi da yatsa, ya dube ni ya ce, "Malama, yaushe rabon da ruwanmu ya zo layinku?" Na yi shiru, don ban sani ba. Ya ce in je in duba bayan tankunan da kyau, zan ga bututu biyu ne ke hawa. Ya yi mini bayani cewa yawancin ruwan da suke tacewa na gulbi ne, wanda ake sakowa daga madatsar Goronyo ta gulbin Rima, kuma ruwan gulbi bai cika yin irin wannan nauyin ba. Wanda ya kwana cikin dutse a ƙarƙashin ƙasa shi ne mai yin haka. In gidan yana da bohol, wannan ba hurumin ofishinsu ba ne.

Na dawo gida na zagaya bayan tanki, ga bututu biyu kuwa. Ɗaya daga titi, ɗaya daga wani murfin siminti da nake shanya barkono a kai tun zuwanmu. Kunya ta kama ni. Wata biyar ina cewa ruwan famfo, ashe mafi yawan kwanaki ruwan bohol muke sha, na gwamnati in ya zo sai ya haɗu da shi a tanki ɗaya.

A wannan tsakanin ne wani mai tallar na'urar tace ruwa ya shigo harabarmu, wata maƙwabciya ce ta turo shi. Ya ɗebi ruwanmu a kofi, ya tsoma wasu ƙarafa masu waya, ya jona a wuta. Cikin minti biyu ruwan ya koma ruwan ƙasa-ƙasa da kore, abin ƙyama. Ya tsoma a ruwan robar da ya zo da shi, bai canza ba. Ya ce abin da muke ɗura wa 'ya'yanmu ke nan. Jikina ya yi sanyi, na kusa ba shi kafin alƙalami na Naira 45,000 a kan wasu gwangwanaye uku da ake ɗaurawa a bututu. Abin da ya cece ni shi ne ƙarancin takardun kuɗi da aka shiga a Fabrairun 2023 saboda canjin Naira: ba ni da kuɗi a hannu, tiransifa kuma ta ƙi tafiya. Daga baya na ji cewa launin nan daga jikin ƙarfen nasa yake fita. Duk ruwan da ke da ma'adini a ciki yana ɗaukar wuta, ƙarfen ya narke ya rina shi, ko da ruwan lafiyayye ne. Gwangwanayen kuma na tare laka ne da wari, nauyin ruwa ratsa su yake ya wuce abinsa.

Wani abokin aikina mai koyar da kimiyya ne ya ce in daina bin 'yan talla, in kai ruwan a auna. Ya kwatanta mini ɗakin gwaji a wata babbar makaranta. Zuwan farko na tafi da ruwa a robar lemo da na ɗauraye sama-sama. Ma'aikacin ya buɗe, ya shinshina, ya mayar mini. Ya ce in samo robar ruwan sha mai lita ɗaya wadda ba a taɓa zuba wani abu a ciki ba, in bar famfo ya zuba na 'yan mintuna, in ɗauraye robar sau uku da ruwan da zan kawo, in cika ta har baki, in rubuta wuri da rana a jiki. Da na ba shi labarin bututu biyu sai ya ce to roba uku zan kawo: ɗaya daga bakin bohol kafin ya shiga tanki, ɗaya daga bututun titi, ɗaya daga famfon kicin. Ya ƙara da cewa in ina son a duba ƙwayoyin cuta, wannan gwaji ne daban, da kwalbarsa daban da su za su ba ni, kuma a ranar da aka ɗiba ake kawowa cikin ƙanƙara.

Na bohol da na kicin ba su ba ni wuya ba. Na titi kuwa sai da na yi gadinsa. Mai gyaran famfo ya kwance mini mahaɗar bututun a ƙasa, na roƙi maigadi ya ƙwanƙwasa mana duk lokacin da ya ji motsin ruwa. A dare na shida, wajen ƙarfe uku, ya buga ƙofa. Maigidana ya riƙe tocila yana mita, "Ke dai da neman magana, Maman yara," ni kuma ina tsugune da roba.

Biyan kuɗin gwajin shi ma wani aiki ne. A lokacin Naira 5,000 ne kowace roba, ba a karɓa a hannu, sai an cire lambar biya an kai banki. Bankuna a lokacin ba a shiga saboda cunkoson masu neman kuɗi. Na yi awa huɗu a layi ranar farko ban kai ga ƙofa ba, washegari wani mai shagon intanet ya biya mini ta waya ya ɗora ladansa Naira 700. Na kai rasit da robobi ranar 21 ga Fabrairu, aka ce in dawo bayan kwana uku. Washegari aka rufe jami'o'in ƙasar nan saboda zaɓe, daga 22 ga Fabrairu har 14 ga Maris. Da aka buɗe na koma, ma'aikacin ya ce ruwan ya daɗe a ajiye, wani abin ya riga ya kwanta a gindin roba, awon ba zai faɗi gaskiya ba. Bai sake karɓar kuɗi ba, Allah ya saka masa, amma sai da na sake gadin ruwan titi. Ana saura kwana biyu a fara azumi na kai sababbi.

Wannan karon ya bar ni na tsaya na gani. Ya auni ruwan a 'yar kwalba, ya ɗiga wani magani, ruwan ya koma ja kamar zoɓon da aka sirka. Sai ya riƙa sakin wani ruwan daga dogon bututun gilashi, ɗigo-ɗigo, yana kaɗawa, har jan ya juye shuɗi. Yawan abin da ya ɗiga kafin launin ya juya shi ne ma'aunin nauyin. Na titi nan da nan ya juya. Na bohol kuwa har na gaji da kallo. A takardar da ya ba ni, ruwan titi miligiram 95 ne a lita, na bohol 340, na kicin 290. Ya ce a lissafin da aka saba, ƙasa da 60 ruwa ne marar nauyi, 60 zuwa 120 matsakaici, 120 zuwa 180 mai nauyi, abin da ya haura 180 kuwa mai nauyi ƙwarai. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta tsaya a 150. Wannan awon gidanmu ne kaɗai, ya ja mini kunne, gidan da ke bayanmu ma zai iya bambanta in zurfin rijiyarsu ba ɗaya ba ne.

Na tambaye shi me ke cikin ruwan. Ya ce in fita ƙofar gidanmu in dubi yamma, me nake hangowa? Na ce kamfanin siminti na Kalambaina. Ya ce to dutsen da ya sa aka kafa kamfanin a wurin tun shekarun 1960, shi ne a cikin butata. Kusan shekara miliyan 60 da suka wuce teku ne ya rufe wannan yanki, ɓawon halittun cikinsa ya taru ya zama farin dutse, har yau ana tsintar burbushinsu a inda ake haƙa. Ruwan sama in ya ratsa dutsen sai ya narkar da kalsiyam da magniziyam ya tafi da su. Ido ba ya ganinsu, harshe ma da ƙyar. Amma da zarar an zafafa ruwan, wani kaso nasu sai ya koma dutse ya manne a wurin da ya fi zafi. Shi ya sa buta da hita suka riga kowa mutuwa. Ya kuma raba mini abu biyu da nake haɗawa: ruwan zartsi daban, wannan gishiri ne kana jinsa a baki, ruwa mai nauyi daban. Alimun da mutane ke jefawa yana kwantar da laka ne kawai. Kanwar Inna kuwa, ya ce tsohuwa ta fi shi sanin aiki, don sinadarin da ke cikin kanwa yana kama kalsiyam ya kwantar da shi, yana kuma sassauta ɓawon wake.

Tsoron da ya rage mini na tsakuwar ƙoda ne. Da na kai ƙaramar 'yata asibiti a cikin azumi na nuna wa likita takardar. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa wa nauyin ruwa iyaka ta fuskar lafiya ba, abin da ya fi jawo tsakuwa a gari mai zafi irin wannan, inda rana ke haura digiri 40 a Maris da Afrilu, shi ne ƙarancin shan ruwan. Na samu natsuwa.

Da takardata na je wurin mai gida bayan sallar la'asar. Na gaishe shi, na ce, "Baba, alfarma na zo nema." Wani kamfani ya yi mana lissafin na'urar da ke cire nauyin ruwa ta gidan gaba ɗaya, irin mai ƙwayoyi a cikin tulu wadda ake wanke ta da ruwan gishiri lokaci-lokaci, Naira 380,000 ban da gishirin kowane wata da ƙaramin injin ƙara mata ƙarfin ruwa. Baba Alhaji ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ɗiyata, shekara talatin ina shan ruwan ga, mi ya same ni?" Na ce ba shi abin ya sama ba, hita ya sama. Ya yi dariya har da tari. Na'ura dai ya ce ba zai saya ba. Amma da na kawo shawara ta biyu, wadda mai gyaran famfo ya ba ni, ya amince: tunda tanki biyu ne, a raba su. Ɗaya na ruwan titi zalla, a ja shi zuwa kicin da hita. Ɗaya na bohol, ya tafi masai da shara da ban ruwan shuka. Mu huɗu 'yan haya muka haɗa Naira 15,000 kowa, shi ya cika sauran. An gama aikin bayan ƙaramar salla, kuma mun yi sa'a, don wata ɗaya bayan nan aka cire tallafin mai, kuɗin bututu da komai ya tashi.

Ba a rabu da Bukar ba, don ruwan titi yakan yi kwanaki bai zo ba, tankinsa ya ƙare, dole a buɗe masa na bohol. Saboda haka na koyi zama da abin. Duk ranar Asabar ta biyu nakan zuba cokali biyu na garin sitirik asid a buta, irin wanda ake samu a shagunan masu kayan haɗa lemo da sabulun ruwa, in cika da ruwa in tafasa, in bar shi rabin awa, ƙanzon ya narke da kansa ba kankara. Ruwan khal ma yana yi, lemon tsami ma haka in ƙanzon bai yi kauri ba. Kan shawa nakan kwance shi in jiƙa a ciki ya kwana. Abu ɗaya da ma'aikacin ɗakin gwajin ya maimaita mini sau biyu: kada a kuskura a haɗa waɗannan masu tsami da ruwan bilic wajen wanke banɗaki, iskar da ke tashi guba ce. Hita na sa an rage mata zafi zuwa wajen digiri 60, don yawan zafi shi ke ƙara saurin taruwar ƙanzo, kuma kafin kowane hunturu ana sauke ta a wanke.

Da zan koma baya, Naira 15,000 na gwaji zan fara kashewa kafin komai, kuma kowace hanyar ruwa da robarta. Wanda zai kama haya ya zagaya bayan tanki ya ƙirga bututu, ya dubi kan shawa da bakin famfon gidan, in sun yi fari ya san abin da ke jiransa. 'Yar na'urar nan mai kama da biro da ake tsomawa a ruwa ta nuna lamba ba nauyi take aunawa ba, jimillar duk abin da ya narke a ruwan take kintata, gishiri ne ko kalsiyam ba ruwanta. A karanta bayan katin garanti tun a shago. In za a kai ruwa makaranta a auna, a tambayi ranar da za su tafi hutu. Kuma ba abin da ake zafafawa kaɗai ruwan ke ci ba: na'urar sanyaya ɗaki mai amfani da ruwa, wadda ake kunnawa a bazara, tabarmar bayanta takan ƙanƙare ta daina jiƙa, don ruwa na tashi ya bar dutsen a nan. Ayan mai tururi kuwa ruwan sama nake tara masa, ko wanda ke ɗiga daga bayan esi.

Batirin sola shi ne bai tsira ba. Ashe duk watannin nan ɗan ƙanen maigidana da ke zaune da mu, in ruwan batir ya ja baya, daga famfon kicin yake cika shi, wai ai ruwa ruwa ne. Mai sola ya zo a watan Yuni, ya buɗe murafun ya leƙa, ya tambayi wa ke zuba ruwan. Yaron ya sulale ya fita sayen kati.